Sharhi: Wa ya kamata ya kai manhajar saba bayan fage, ita da kanta ko mai kula da ita?

A watan Yulin 2023 masu kula da systemd, manhajar da ke tayar da ayyuka a mafi yawan manyan nau'o'in babbar manhajar kwamfuta ta Linux, suka sa gargaɗi a sanarwar fitowar siga ta 254. Sun ce tsofaffin rubutun tayar da ayyuka irin na System V, wani tsohon nau'in babbar manhajar Unix da Linux ta kwaikwaya, sun kusa ritaya, za a cire goyon bayansu nan gaba, don haka duk mai manhaja ya tanadar mata fayil irin na systemd tun yanzu. Ga wanda ya daɗe a harkar wannan ba sabon labari ba ne. Ga mai koyo kuwa, ya ƙara dagula lissafin da dama can a dagule yake. Zai buɗe wannan littafi ya ga an ce manhajar saba (server) ta gari, wato mai jiran buƙatu tana amsa su, dole ta iya ware kanta ta koma bayan fage. Ya buɗe wancan ya ga an ce kul, kada ta kuskura. Dukansu masana ne suka rubuta, kuma kowanne ya faɗi gaskiyar zamaninsa.

## Inda matsalar take fara nuna kanta

Mutum ya rubuta 'yar ƙaramar manhaja mai amsa buƙatun shafin intanet. Ya shiga wata kwamfuta da ke nesa ta hanyar SSH, ya buga umarnin tayar da ita, saƙo ya fito cewa tana sauraro a ƙofa ta 8080, wato lambar da buƙatu ke bi su iso gare ta. Ya duba a burauza, shafi ya buɗe tsaf. Ya rufe kwamfutarsa ya tafi. Ba a daɗe ba shafin ya daina buɗewa. Ya dawo ya duba, babu manhajar babu alamarta, kuma babu saƙon da ya nuna ta yi kuskure.

Ba ta yi kuskure ba, kashe ta aka yi. Kafin a gane yadda hakan ta faru sai an warware wasu kalmomi.

Saba kalma ce mai ma'ana biyu: kwamfutar da ke hidima wa wasu, da kuma manhajar da ke cikinta tana jiran buƙatu. Ta biyun ce abin magana a nan. Duk manhajar da aka tayar tana zama abin da ake kira furoses, wato aiki mai gudana, wanda ke da lambar shaida da ake ce wa PID, yana kuma da uwa, wato furoses ɗin da ya haife shi. Manhajar mutumin nan uwarta ita ce shel, mai karɓar umarnin da yake bugawa, shel ɗin kuma a ɗaure yake da taminal, tagar da rubutu ke shiga yana fita.

Da layin SSH ya yanke, taminal ya mutu. Sai kanel, zuciyar babbar manhajar kwamfuta, ya aika wa shel wata sigina mai suna SIGHUP, shi kuma ya rarraba ta ga 'ya'yansa. Sunan ya samo asali ne daga ajiye kan tarho, tun zamanin da ake haɗa taminal da babbar kwamfuta ta layin waya. Duk furoses ɗin da bai yi wa wannan sigina tanadi ba, mutuwa yake yi nan take.

Da yawa suna ɗauka sa alamar & a ƙarshen umarni ya wadatar. Alamar tana mayar wa mutum da taminal ɗinsa ne kawai don ya ci gaba da buga umarni, igiyar ba ta tsinke ba. Abin da ke ƙara rikita mutane shi ne sakamakon ba ya zama iri ɗaya kullum. A shel ɗin bash, idan mutum ya fita da kansa ta umarnin exit, aikin da ya tura baya yakan tsira. Idan layi ne ya yanke bagatatan, sai ya mutu. Yau dabara ta ci, gobe ta ƙi, mutum ya rasa dalili.

## Mene ne dimon

Dimon shi ne furoses ɗin da ba shi da taminal, ba ya jiran kowa ya shiga ko ya fita, yana tashi tare da kwamfuta yana aikinsa shiru. Sunan ya fito ne daga masu aikin Project MAC a jami'ar MIT ta Amurka wajajen 1963. Sun aro shi daga wani misali da masanin kimiyya James Clerk Maxwell ya kawo a 1867, na wata halitta da ke tsaye bakin ƙaramar ƙofa tana tantance ƙwayoyin iska ba hutu. Asalin kalmar ta Girkanci ce, kuma a nan ba ta ɗauke da ma'anar sharri. Ma'aikacin ɓoye kawai ake nufi.

Shi ya sa sunayen irin waɗannan manhajoji a Unix da Linux suke yawan ƙarewa da harafin d: sshd mai karɓar masu shiga daga nesa, httpd mai miƙa shafukan intanet, crond mai gudanar da ayyuka a kan lokaci, syslogd mai tattara rahotanni. A Windows ana kiran takwarorinsu sabis, kuma akwai manaja na musamman da ke kula da su tun zamanin Windows NT.

## Tsohuwar hanya: manhaja ta ware kanta

Shekaru da dama al'adar Unix ita ce manhaja ta san yadda za ta tsinke igiyarta da hannunta. Matakan sanannu ne, kuma kowanne da dalilinsa.

Da farko takan kira fork, wanda ke raba furoses gida biyu, uwa da ɗa masu kama ɗaya. Uwar ta mutu nan take. Shel ya ga umarninsa ya ƙare ya koma jiran wani, ɗan kuma ya zama maraya. A Unix maraya ba ya zama babu mai shi, furoses mai lamba 1, wanda ake kira init, shi ke ɗaukar riƙonsa. Daga nan ɗan ya kira setsid, ya buɗe sabon zama nasa na kansa wanda ba shi da taminal. Sannan ya sake yin fork karo na biyu. Dalilin wannan na biyun shi ne wanda ya buɗe zama shi ne shugaban zaman, kuma shugaban zama yana iya sake samun taminal idan ya buɗe wani ko da bisa kuskure. Jikan da aka haifa ba shugaba ba ne, don haka wannan ƙofa ta rufe masa har abada.

Sauran aikin share fage ne. Manhajar takan koma tushen folda, wato /, don kada zamanta a wata folda ya hana a cire faifan da foldar ke kai. Takan rufe fayilolin da ta gada, ta karkatar da hanyoyinta uku na asali, ta shigar bayani da ta fitarwa da ta kuskure, masu lamba 0 da 1 da 2, zuwa /dev/null, ramin da duk abin da aka zuba ciki ya ɓace. A ƙarshe ta rubuta lambar PID ɗinta a wani ɗan fayil, yawanci a /var/run ko /run, don mai son tsayar da ita ya san wa zai aika wa sigina. Tsarin 4.4BSD ya tattara yawancin waɗannan matakai cikin kira guda mai suna daemon, wanda har yau yana nan a Linux.

Wannan dabara ta yi aiki, kuma ta dace da init irin na System V, wanda aikinsa bai wuce ya bi rubutun da ke /etc/init.d ɗaya bayan ɗaya ba. Kowane rubutu sai ya ƙare kafin a wuce na gaba, saboda haka wajibi ne manhaja ta kauce daga hanya da kanta.

Rauninta shi ne da zarar manhaja ta ɓace bayan fage, babu mai ido a kanta. Idan ta faɗi cikin dare tana nan a kwance har sai wani ya lura. Fayil ɗin PID kuwa shaida ce mai rauni. Manhajar da ta mutu bagatatan ba ta samun damar goge shi, lambar ta ci gaba da zama a rubuce. Lambobin PID kuma ana sake amfani da su, a tsohon tsarin Linux da sun kai 32768 sai a koma ƙasa a sake rabawa. Ma'ana rubutun tsayarwa yana iya karanta tsohuwar lamba ya kashe wani furoses da bai ji ba bai gani ba, ko rubutun tayarwa ya ƙi tashi saboda yana zaton manhajar na raye. Akwai kuma matsalar shiri. Uwa tana iya mutuwa ta ba da rahoton nasara alhali jikan bai gama buɗe ƙofarsa ba, ko ma ya ci karo da kuskure bayan an riga an karkatar da bakinsa zuwa /dev/null, ya mutu babu wanda ya ji kukansa.

## Sabuwar hanya: zauna a fili, wani ya kula da kai

Maganin da aka samo ya juya lamarin ne gaba ɗaya. Maimakon manhaja ta gudu daga uwarta, a ba ta uwar da ba ta mutuwa, ba ta kuma da taminal tun asali. Manhajar ta zauna a gaba kamar kowane umarni, ta rubuta rahotonta a hanyar fitarwa ta yau da kullum. Mai kula da ita shi ya haife ta, saboda haka ya san lambarta ba tare da fayil ba, kuma kanel zai sanar da shi a daidai lokacin da ta mutu.

Ba systemd ne ya ƙirƙiro wannan tunani ba. Daniel J. Bernstein ya fitar da daemontools tun ƙarshen shekarun 1990 a kan wannan ƙa'ida, runit da s6 suka bi sawunsa. Apple ya kawo launchd a Mac OS X 10.4 a 2005, kuma takardunsa sun hana manhaja ware kanta. Ubuntu ta gwada Upstart daga 2006. Sai a 2010 Lennart Poettering da Kay Sievers suka fitar da systemd. Fedora 15 ta ɗauke shi a 2011, Red Hat Enterprise Linux 7 a 2014, Debian 8 da Ubuntu 15.04 a 2015.

Abin da systemd ya ƙara shi ne amfani da cgroups, wani tsari na kanel ɗin Linux da ke killace furoses da duk zuriyarsa a rukuni ɗaya. Manhaja ta yi fork sau goma, 'ya'yanta da jikokinta suna cikin killar, kuma ranar tsayarwa babu wanda zai sulale.

A aikace, mutumin nan na farkon bayani fayil ɗaya gajere yake buƙata a /etc/systemd/system. Layin ExecStart= ya nuna cikakkiyar hanyar manhajar. Layin User= ya faɗi asusun da za ta gudana da shi. Layin Restart=on-failure ya ce in ta faɗi a tashe ta. Layin WantedBy=multi-user.target ya ce tana cikin abubuwan da ke tashi idan kwamfuta ta kunnu. Sai ya buga systemctl daemon-reload don a karanta sabon fayil. A nan akwai tarkon da ke kama mutane da yawa: systemctl start yana tayar da ita ne yanzu kawai, systemctl enable shi ke sa ta tashi bayan an sake kunna kwamfuta. Wanda ya yi na farko ya manta na biyu ba zai gane ba sai ranar da aka kashe injin aka kunna. Rahotanninta kuma journalctl -u da sunan aikin zai nuna su, har da kalmar ƙarshe da ta faɗa kafin ta mutu.

## Idan aka gauraya biyun

Mafi yawan ruɗanin da ake gani a yau daga nan yake fitowa, manhaja mai tsohuwar ɗabi'a a hannun sabon mai kula, ko akasin haka.

Idan fayil bai faɗi nau'in aikin ba, systemd yana ɗaukar Type=simple, wato furoses ɗin da ya tayar shi ne manhajar. To idan manhajar mai ware kanta ce, uwa za ta yi fork ta mutu kamar yadda ta saba. Systemd ya ga babban furoses ya fita, ya yanke hukuncin aiki ya ƙare, ya share sauran da ke cikin killar, har da jikan da shi ne ainihin saba. Idan an sa Restart=always sai ya sake tayarwa, abu ya maimaita, har ya kai sau biyar cikin daƙiƙa goma ya haƙura. Mai kallo zai rantse manhajar ce ta lalace, alhali lafiyarta ƙalau.

Akasin haka kuma, idan aka rubuta Type=forking ga manhajar da ba ta fork, systemd zai tsaya jiran uwa ta mutu, ita kuwa ba ta da niyya. Umarnin start ya maƙale, bayan daƙiƙa 90 a ayyana gazawa a kashe manhajar da ke aiki daidai.

Saboda haka ne tsofaffin manhajoji suke da maɓallin hana su ɓuya. A sshd ana sa -D, a Nginx ana rubuta daemon off, a Apache ana sa -DFOREGROUND, a Redis kuma daemonize no. Cikin kwantenar Docker, wato killataccen wurin gudanar da manhaja ita kaɗai, wadda ta bayyana a 2013, lamarin ya fi tsanani. Manhajar ita ce furoses mai lamba 1 a cikin kwantenar, da ta fita kwantenar ta mutu, saboda haka saba mai ware kanta tana kashe gidan da take ciki ne da hannunta.

Matsalar shiri ma an samar mata hanya. Da Type=notify manhaja ce ke aika wa systemd saƙon READY=1 idan ta gama buɗe ƙofofinta, sai a lokacin a tayar da masu dogara da ita.

## Gajerun hanyoyi da iyakarsu

Umarnin nohup yana sa manhaja ta toshe kunne ga SIGHUP, ya tara abin da take fitarwa a fayil mai suna nohup.out. Su kuma screen da tmux suna ƙirƙirar taminal ne da ke ci gaba da rayuwa bayan mutum ya fita, ya dawo ya same shi yadda ya bar shi. Ga gwaji, ko aikin da zai ɗauki sa'o'i ya ƙare, sun wadatar. Amma babu ɗayansu da ke tayar da manhaja idan ta faɗi ko idan kwamfuta ta sake kunnuwa, nohup.out kuma girma yake yi ba iyaka har ya cika faifai. A 2016 siga ta 230 ta systemd ta zo da tsarin kashe duk ayyukan mutum da zarar ya fita, abin da ya shafi waɗannan dabaru kai tsaye ya kuma jawo ce-ce-ku-ce. Debian da wasu nau'o'in Linux sun mayar da tsohon tsari a nasu ɓangaren, amma lamarin ya nuna cewa ba a kowace kwamfuta za a dogara da su ba.

## Abin da kowane ɓangare yake cewa

Magoya bayan systemd suna cewa layi goma sun maye gurbin rubutun shel mai tsawo da kowane nau'in Linux yake rubutawa daban, an samu sake tayarwa da tattara rahoto da killace manhaja duk a wuri ɗaya. Masu suka suna cewa ya tara ayyuka da yawa a hannu ɗaya, saɓanin al'adar Unix ta ƙananan kayan aiki masu yin abu guda. Suna ƙorafin cewa rahotanninsa ba rubutu ne zalla da kowane kayan aiki zai karanta ba, kuma a Linux kaɗai yake aiki, manhajar da ta dogara da shi ta bar su FreeBSD da OpenBSD a baya.

Muhawarar ta yi zafi ƙwarai. A Fabrairun 2014 kwamitin fasaha na Debian ya rabu huɗu da huɗu tsakanin systemd da Upstart, sai shugabansa Bdale Garbee ya raba gardama da ƙuri'arsa. Wasu da ba su gamsu ba suka ɓalle suka kafa Devuan, nau'in Debian mara systemd, a ƙarshen wannan shekara. Har yau akwai nau'o'in Linux da ba sa amfani da systemd: Alpine tana amfani da OpenRC, Void kuma da runit.

A Maris 2024 masu suka suka samu hujja mai nauyi. Injiniya Andres Freund ya gano ɓoyayyiyar ƙofar kutse a manhajar matse fayil ta xz, siga ta 5.6.0 da 5.6.1. Hanyar da ta bi ta isa sshd ita ce wasu nau'o'in Linux sun haɗa sshd da laburaren systemd, wato tarin shirye-shiryen da wasu manhajoji ke aro su yi aiki da su, don ya riƙa aika saƙon shiri, laburaren kuma yana janyo na xz. Magoya baya suka amsa cewa saƙon shirin ɗan rubutu ne da manhaja za ta iya aikawa da kanta ba tare da laburaren ba, kuma hakan OpenSSH, manhajar da sshd ke cikinta, ta yi daga baya a siga ta 9.8.

Abin lura shi ne gardamar a kan wa zai zama mai kula take, ba a kan ko a yi kular ba. Runit da s6, waɗanda masu adawa da systemd suka fi yabawa, su ma sharaɗinsu manhaja ta zauna a gaba. Inda tsohuwar hanya take da sauran gurbi shi ne tsarin rc na dangin BSD, da wasu ƙananan na'urori masu init mara nauyi. Shi ya sa manhajar da ake so ta gudana ko'ina ta fi dacewa ta zauna a gaba bisa asali, ta ajiye ware kai a matsayin zaɓi.

## Yadda abin ya shafi mutane

Mai amfani da waya bai san sunan dimon ba, amma shi ke ji a jikinsa. Saba da ta faɗi ƙarƙashin mai kula tana dawowa cikin ƙiftawar ido, domin jinkirin systemd na asali kafin sake tayarwa kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ne. Wadda aka bari da nohup tana kwance har sai mai ita ya farka. Sai dai sake tayarwa yana iya rufe ciwo: manhajar da ke faɗuwa sau da yawa a rana ana tashinta, babu mai sani idan ba a karanta rahoto.

Akwai batun tsaro. Ƙofofin da ke ƙasa da 1024, irin su 80 da 443 na shafukan intanet, a al'ada sai asusun root mai cikakken iko ke buɗe su, kuma wannan ke sa masu koyo su bar saba tana gudana da root. Wanda ya samu rauni a irin wannan saba ya mallaki kwamfutar baki ɗaya, da bayanan duk masu amfani da ita. Tsofaffin dimon sukan buɗe ƙofa da root sannan su sauke ikon da kansu. Mai kula na zamani yana iya tayar da manhaja da ƙaramin asusu ya ba ta izinin buɗe ƙofar kaɗai, ta hanyar CAP_NET_BIND_SERVICE.

Akwai kuma yadda ake tsayarwa. SIGTERM, sigina ta 15, roƙo ce: manhaja ta kammala buƙatun da ke hannunta, ta rubuta abin da ya rage a faifai, ta fita. SIGKILL, ta 9, ba ta ba da wannan dama. Systemd yana aika ta farko ya jira daƙiƙa 90 kafin ta biyu, Docker kuwa daƙiƙa 10 yake jira. Manhajar da ba a koya mata sauraron SIGTERM ba tana iya yanke wa mutum aikinsa a tsakiya duk lokacin da aka sabunta ta.

Waɗanda gargaɗin 2023 ya fi shafa su ne masu riƙe da tsofaffin kwamfutoci da aka daɗe ana ɗaga sigarsu. Shekara da shekaru wani ɓangare na systemd mai suna systemd-sysv-generator yana karanta rubutun /etc/init.d yana mayar da su fayilolin aiki a ɓoye duk lokacin da kwamfuta ta kunnu, har wasu ba su san da shi suke dogara ba. A sigar da babu shi, rubutun zai ci gaba da zama a foldarsa amma babu mai tayar da shi. Hanyar ganewa ita ce a buga systemctl status da sunan aikin, a duba layin Loaded. Idan hanyar da ya nuna ta fara da /etc/init.d ko /etc/rc.d/init.d, kuma an ga kalmar generated a gefenta, wannan aikin yana cikin masu buƙatar sabon fayil kafin ɗaga siga ta gaba.